Fuska a jikin tarago: yadda aka kashe rigimar wani zane a unguwarmu

Taragon ya fi shekara ashirin a inda yake. Yana can ƙarshen wani guntun layi da ya rabu da babban layin dogo, bayan tashar da ke kusa da unguwarmu a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan. Ƙafafunsa sun nutse cikin laka har rabi, ciyawa ta fito ta tsakaninsu. Taragon kaya ne, irin mai rufi da ƙofar turawa, wanda a da ake loda wa dawa da riɗi da auduga. Awakinmu ne ke shan inuwarsa. Katakon daɓensa kuwa tuni ya zama ƙyauren gidaje da bencin mai shayi, kuma duk ɗan unguwar da ya ce bai san inda ya tafi ba, bai faɗi gaskiya ba.

Wata safiya cikin Janairun 2020, mata masu sammakon kasuwa suka tarar da fuskar mutum a jikin taragon. Tsayinta ya fi na namiji a tsaye. Saurayi ne da rawani a wuya, da fitilar goshi irin ta masu haƙar zinariya, idonsa na kallon arewa. A ƙasa an rubuta sunansa da Larabci, sannan an ja ayar "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" daga wannan ƙarshen taragon zuwa wancan. Babu wanda ya tambayi wane ne, domin kowa ya san shi. Wata uku ke nan da rami ya rufta da shi a sahara, can wajen Abu Hamad, aka binne shi a can.

Ɗan ƙanwata ne ya yi zanen. Shi ya sa na san maganar ciki da bai, shi ya sa kuma ya kamata mai karatu ya auna hukuncina da wannan dangantaka.

Inda yaron ya samo abin

Mu Hausawan wannan yanki jikokin mahajjata ne da mutanen hijira. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya iso da jama'arsa bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har gobe. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin auduga suka buɗe, layin dogo ya zama jijiyar yankin, namu da yawa suka shiga aikinsa. Mahaifin mamacin ɗan darisa ne, wato masu bin layi da ƙafa suna ɗaure noti suna canza katakon da ya ruɓe. Ya yi ritaya a lokacin da jirgin ya riga ya fara ja da baya. Tsofaffin ma'aikata suna ɗora farkon lalacewar kan 1981, shekarar da shugaban ƙasa Numeiri ya murƙushe yajin aikin ƙungiyarsu, sai kuma takunkumin Amurka daga 1997 da ya hana shigo da kayan gyaran kawunan jirgi. Ƙasa mai layin dogo sama da kilomita 4,000 ta koma jigilar kayanta a bayan manyan motoci, taragu suka yi ta mutuwa a tsaye a tashoshi irin tamu.

Ɗan ƙanwata bai taɓa ganin taragon nan ya motsa ba. Hannu ne da shi tun yana ƙarami. A halwa, wato makarantar allo, shi ake ba zayyanar allon masu sauka, daga baya ya koma rubuta karin magana a bayan rakshoshi, wato kekuna masu ƙafa uku na haya, da sunayen shaguna. A watan Afrilun 2019 ya bi wani ɗan'uwanmu Khartum don taya shi sayar da agashe, gasasshen nama irin tsire, sai ya faɗa cikin zaman dirshan da aka fara ranar 6 ga wata a gaban hedikwatar soja don neman shugaba Umar al-Bashir ya sauka. Yana can ranar 23 ga Afrilu lokacin da jirgin Atbara ya shigo birnin, mutane a kan rufi, a jikin tagogi, har a goshin kan jirgin, ana kaɗa tutoci. Atbara ita ce cibiyar reluwe ta Sudan, a can kuma zanga-zangar ta kama wuta a Disambar 2018 bayan burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku. Ya ba ni labarin samarin da ke kan gadar jirgi suna dukan ƙarfe da duwatsu dare da rana, da bangayen da suka cika da zane har babu wurin ɗora tafin hannu. Ya riƙe wa masu zane bokitin fenti, suka bar shi ya cike wasu gurabe. Ya dawo gida tsakiyar azumi. Ranar 3 ga Yuni aka tarwatsa zaman da harsashi, daga baya aka bi yawancin zanen nan da fenti aka shafe.

Sauran ya koya ne a waya. Ya nuna mini hotunan jiragen ƙarƙashin ƙasa na New York na shekarun 1970, an rufe su da sunaye daga rufi har ƙafa. Can abin ya samo asali ne daga yara masu rubuta laƙabinsu da lambar titinsu. Wani mai sa hannu da TAKI 183 ya shiga jaridar New York Times a 1971, sai kowane yaro ya so nasa sunan ya zaga gari a jikin jirgi. Hukumar jiragen ta yi shekaru tana fama, har a 1984 ta ɗauki dokar cewa duk taragon da aka zana ba zai fita aiki ba sai an wanke shi. Sunan da ba zai yi yawo ba, wa zai ɓata dare a kansa? A watan Mayun 1989 aka janye jirgi na ƙarshe mai zane.

Na ce masa, to su sunansu suke so ya yi yawo, kai kuma naka taragon ko akuya ba ta iya tura shi. Me ya kai ka?

Ya ce, "Kawu, bangon gidajenmu na laka ne, damina ɗaya ta wanke shi. Kuma Inna, uwar mamacin, ba ta da kabarin da za ta ce nan ɗanta yake. Babansa a kan layin nan ya ƙare ƙarfinsa. In wata rana an ja taragon, arewa za a yi da shi, ya wuce ta inda aka binne shi."

Dare uku ya yi yana aikin, da fitilar waya, da fentin mai da burushi, da gwangwanin feshi biyu da ya ajiye don idanu da hasken fitilar goshin. Abokansa biyu na tsaron hanya.

Waɗanda suka ce a shafe

Nazir ɗin tasha, wato shugabanta, ne ya fara magana. Balarabe ne daga arewa, mutum mai sanyin hali, wanda ya daɗe a cikinmu har yana jin Hausar ciniki. Ya aiko a kira mai unguwa, mai unguwa ya aiko a kira ni, tunda mahaifin yaron ya rasu kuma ni ne kawunsa. Na tafi da shirin jin wa'azi kan dukiyar gwamnati. Sai ya kama hannuna ya kai ni ƙarshen taragon, ya nuna mini inda shuɗin fenti ya malale wani wuri da bai fi tabarmar salla ba. Ya ce a nan lambar taragon take, da nauyinsa, da nauyin kayan da yake ɗauka. Taragon ya mutu a idonmu, amma a littafinsa yana raye. Duk sanda aka zo ƙidaya da lamba ake bi, ranar da za a sayar da shi a matsayin tsohon ƙarfe ma da lamba za a sayar. Tarago marar lamba tarago ne da ya ɓata, kuma shi za a tambaya. Ya ambaci sashe na 182 na dokar laifuka ta 1991, wanda ya shafi lalata dukiya, amma ya ambace shi ne kamar mai nuna sanda a jingine, ba mai ɗaga ta ba.

Damuwarsa ta biyu ta fi ta farko nauyi. Ya ce yau mai hannu ne ya zana a mataccen tarago, gobe marar hannu zai zo, jibi kuma a hau masu rai da ke tsayawa kwana a tasha, yaro ya shiga tsakanin taragu da dare a tura jirgi a kansa. A lokacin na ɗauki wannan a matsayin tsoron ma'aikaci. Na yi kuskure, zan kuma zo kan haka.

Na biyu shi ne limamin ƙaramin masallacinmu, matashi da ya yi karatu a Umdurman. Shi maganarsa sura ce. Ya kawo hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin surar abu mai rai, ya ce girmama mamaci da hoto ƙofa ce da ba a san inda take ɓullewa ba, yau kallo, gobe tsayuwa a gabansa da addu'a. Alarammanmu, wanda ya koyar da mamacin da mai zanen a halwa ɗaya, bai yarda da shi ba. Ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da aka haramta shi ne sura mai inuwa, cikakkiyar halitta, irin gunki; zane marar inuwa a jikin bango bai wuce karhanci ba, balle wanda ya tsaya a ƙirji. Suka yi ta ja-in-ja a ƙofar masallaci bayan la'asar har kwana biyu, cikin ladabi, kowa na ce wa ɗan'uwansa "Allah gafarta Malam" kafin ya rushe masa hujja.

Akwai kashi na uku da ba su fito fili ba, su ne dattawan da abin ya yi musu kama da siyasa. Sun ga hotunan shahidan juyin juya hali a bangayen Khartum, suna ganin wannan ɗan'uwansu ne, kuma Bahaushe a Sudan ya daɗe da koyon cewa duk abin da zai jawo idon hukuma kan unguwarsa, gara a kauce masa. Mutanen da har yau ake yi wa tambayar kakan kakansu kafin a ba su takardar ɗan ƙasa, ba za ka zarge su da yawan tsoro ba. Samarin kwamitin unguwa kuwa sun tsaya kai da fata cewa shahidi ne, suna kafa hujja da hadisin da ya lissafa wanda gini ya rufta wa cikin shahidai. Ɗaya daga cikinsu ya ce da mai unguwa, "Baba, shekara nawa ana ɓalle katakon taragon nan, ba mu ji an kira kowa tasha ba. Sai da aka ƙara masa abu ne ya zama ɓarna?" Mai unguwa bai amsa ba. Ƙyauren bayan gidansa kowa ya san asalinsa.

Zaman sulhu

Aka yi judiyya, kamar yadda ake kiran zaman sasanci a nan, a rumfar mai unguwa, da jabana, wato butar gahawa, tana zagayawa. Maganar nazir ba ta ɗauki lokaci ba. Yaron ya amsa laifinsa, aka yanke zai sake fitar da lambar da farin fenti daga aljihunsa, yadda take a littafi, ya kuma sabunta allon sunan tasha kyauta. Nazir ya ce shi ke nan a wajensa, fuskar ba ta cikin littafinsa. Daga baya yaron ya gaya mini cewa masu zane a taragun kaya na Amurka sun daɗe da sanin wannan, suna kewaye lambobi ne da gangan, domin in ba a taɓa lamba ba kamfani ba ya gaggawar shafe zanen. Na ce da ka karanta wannan kafin ka karanta sauran.

Ana cikin maganar sura sai alaramma ya yi tambayar da ta sa rumfar ta yi tsit. Ya ce, an tambayi uwar mamacin?

Ba a tambaye ta ba. Mai zanen bai je ba, samarin kwamiti ba su je ba, mu dattawan da muka kwana biyu muna muhawara kan fuskar ɗanta ma ba mu je ba. A bakin mata ta ji. A nan ne nake ganin ɗan ƙanwata ya fi yin kuskure, kuma wannan kuskuren ba ya cikin sashe na 182. Asil Diyab, mai zanen da ta shahara da fuskokin shahidan 2019, gidajen iyayensu take zuwa, ta zauna da su, ta zana a bangonsu da yardarsu. Shi ya ɗauko salon ya bar sallamar. Nufinsa kyauta ce zai yi mata, sai ya zama ya kafa mata makoki a kan hanyar kasuwa, inda ba ta da ikon rufe ƙofa.

Washegari da yamma ni da matata da shi muka je. Ya durƙusa daga bakin ƙofar ɗaki ya ce, "Inna, na yi abu ban gaya miki ba." Ta ce ta ji. Ta yafa mayafi ta ce a kai ta.

Rana ta yi sanyi lokacin da muka isa. Ta tsaya nesa kaɗan, hannunta ɗaya riƙe da na matata. Wata akuya na goga ƙahonta a jikin ƙafar taragon. Ta daɗe tana kallo, har na fara tunanin ko in ce mu koma. Sai ta ce, "Kunnuwan ba nasa ba ne. Nasa ƙanana ne, irin na ubansa." Yaron ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ta matsa kusa, ta bi layin ayar da ido har ƙarshe, inda ƙasa take a jiƙe kullum saboda nan yaran da ke kiwo suke tsugunawa. Ta ce, "Wannan kam a cire. Maganar Allah ba ta zama a nan. Shi kuwa ku bar shi, ya saba da rana."

Malaman biyu da suka kasa haɗuwa kan sura, nan take suka haɗu kan wannan, kowannensu na mamakin yadda abin ya wuce shi. Aka kankare ayar aka shafe wurin da shuɗi. Limamin bai janye ra'ayinsa ba, ya faɗa a fili cewa shi har yanzu bai so, amma ba zai sa hannu a shafe abin da uwa ta ce a bari ba.

Abin da na gani a ciki

Tambayar da aka yi ta yi a rumfunan shayi ita ce, fasaha ce ko ɓarna? Ni ban ga inda ɗaya ta kore ɗaya ba. Zanen ya yi kyau, duk wanda ya ga idanun nan ya san hannu ne ya yi su, kuma an yi shi a kan kayan da ba na mai zanen ba, ba da izini ba, ya kuma lalata wani abu takamaimai mai amfani ga wani mutum takamaimai. Kyansa bai dawo da lambar ba. Rashin izinin kuma bai rage wa idanun komai ba. Abin da ya sa aka iya kashe maganar shi ne an daina jayayya kan sunan da za a ba aikin, aka koma tambayar wa aka cuta, kuma da me. Da aka bi ta haka sai ɓarnar ta zama guntaye uku da ake iya riƙewa a hannu, lamba, aya, da uwar da ba a tambaya ba. Biyu fenti ya gyara su.

Na kuma lura cewa kalmar ɓarna tana bin mai ƙarfi ne. Zanen da aka yi ta ɗauka a hoto ana yaɗawa duniya a Afrilu da Mayun 2019, shi aka bi da fenti bayan 3 ga Yuni a matsayin ƙazanta, bangon bai canza ba, fentin bai canza ba. Mu ma a ƙaramin matakinmu haka muka yi, mun ci katakon shekara da shekaru muna kiransa tsintuwa.

Sai dai nazir ya fi ni hangen nesa. Kafin damina taragu biyun da ke maƙwabtaka da namu sun cika da gawayi da ragowar fenti, wannan ya rubuta sunan ƙungiyar ƙwallon Hilal, wancan ya soke ya rubuta na abokiyar hamayyarta Marrikh, ga lambobin waya, ga zagin da ba zan maimaita ba. Wani ya zana zuciya da sunan 'yar mutane, aka kusa ba hammata iska a kan haka. Babu wanda ya tashi kare waɗannan da sunan fasaha, ni ma ban tashi ba, kodayake in aka matsa ni in faɗi dokar da ta halatta na ɗan ƙanwata ta haramta nasu, ba ni da ita sai cewa nasa ya fi kyau kuma dalilinsa ya fi nauyi. Wannan ba doka ba ce da nazir zai iya rubutawa a allo. Dole samarin kwamiti suka ɗauki aikin korar yara daga wajen layin da dare, su da suka fi kowa ɗaga murya kan 'yancin zane. Fuskar kuwa ba wanda ya taɓa ta.

Uwar ba ta sake bin hanyar ba. Takan zaga ta bayan makarantar firamare in za ta kasuwa, tafiyar da ta ninka ta da, ga ciwon gwiwa. Matata ta taɓa yi mata tayin rakiya ta gajeriyar hanyar, ta ce a'a, ta gan shi sau ɗaya, ya isa.

Bayan sati biyu da zaman, ɗan ƙanwata ya je ya nemi izinin nazir, wannan karon da rana tsaka, ya ɗora tsani ya gyara kunnuwan. Ƙanwar mamacin ce ta kai wa uwar labari tana tankaɗen garin kisra, siririyar gurasar dawa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ya rage su?" Aka ce ya rage. Ta ce, "To."